Kiɗan Fim A Amurka: Wa Zai Riƙe Hannun 'Yan Baya?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan silima ya san cewa ba hoto kaɗai ke sa gaban mutum ya faɗi ba. Kiɗan da ke tafe a ƙarƙashin hoton shi ke sa tsoro, shi ke sa tausayi. To, masu tsara wannan kiɗa sana'a ce gare su mai kawo kuɗi da suna, amma a Amurka an daɗe ana gunaguni cewa ƙofarta a rufe take ga mata da baƙaƙen fata da sauran tsiraru.

Gunagunin nan yana da tushe. Tun 1935 ake ba da kyautar Oscar ta kiɗan fim, amma sai a 1997 mace mai tsara kiɗa ta fara cinye ta, watau Rachel Portman ta Ingila. Anne Dudley ta biyo baya a 1998, daga nan kuma shiru har 2020, lokacin da Hildur Gudnadottir ta ci da fim ɗin Joker. Ta wajen baƙaƙen fata kuwa, Herbie Hancock ya ci a 1987, sai da aka shekara 34 kafin Jon Batiste ya sake ci a 2021.

Me ya kawo haka? Ba rashin gwanaye ba ne. Dalilin yana cikin yadda ake shiga sana'ar. Ba a buga cigiyar mai tsara kiɗa a jarida. Darakta da ya kashe miliyoyin daloli ba ya son caca, saboda haka yakan nemi wanda ya sani, ko wanda wani amintaccensa ya tsaya masa. Hanyar shiga ita ce zama yaron wani babba, kamar dai yadda a wurinmu ba a zama makaɗi sai an yi shekaru ana amshi a bayan ubangida.

Ga misali a fili. Hans Zimmer, Bajamushen da ya yi kiɗan The Lion King na 1994, ya koyi aiki ne a London a hannun Stanley Myers. Da ya kafu a Amurka ya buɗe ɗakin aikinsa, John Powell ya bi ta ƙarƙashinsa. Shi kuma Powell ya riƙe Germaine Franco, 'yar asalin Meziko, ta yi shekaru tana taimaka masa, har ta kai ga tsara kiɗan Encanto a 2021, ta zama mace ta farko da ta yi wa babban fim ɗin zane na kamfanin Disney kiɗa. Watau hannu ne ke miƙa wa hannu. Matsalar ita ce galibi babba yakan ɗauki yaron da ya yi kama da shi, wanda suka fito makaranta ɗaya ko unguwa ɗaya. Wanda ba shi da kowa sai ya tsufa a bakin ƙofa. Michael Abels malamin kiɗa ne a wata makaranta har sai da darakta Jordan Peele ya ci karo da aikinsa a YouTube, ya ba shi fim ɗin Get Out na 2017. Amma fa sa'a irin wannan ba a gina sana'a a kanta.

Wannan ya sa aka fara shirya riƙon da gangan. A 2014 mata masu tsara kiɗa, cikinsu har da Laura Karpman, suka kafa ƙungiyarsu. A 2018 Abels da abokansa suka kafa ta tsiraru, don kada wani darakta ya sake cewa ya nema bai samu ba. A wannan shekara kamfanin Universal ya buɗe shirin ɗaukar sababbin hannu yana gwada su a kan ayyukansa. Daga baya Christophe Beck, mai kiɗan Frozen, da hukumar karɓar haƙƙin mawaƙa ta SESAC suka ware dala miliyan ɗaya na shekara biyar, ana ba matasa kuɗin ɗaukar makaɗa da hayar situdiyo, tare da shawarar manya.

Lalle an samu ci gaba, amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a duba. Na farko, horo ba aiki ba ne. Ana iya yaye matasa ɗari, in masu kuɗin fim ba su sake hali ba, za su koma gida da takardar shaida kawai. Na biyu, zaman yaro a ƙarƙashin babba yana da nasa haɗarin. An sha kokawa cewa yara ke rubuta kiɗa, sunan ubangida ke fitowa a allo, kuma wanda sunansa ke cikin takardar rajistar kiɗan shi ke karɓar kuɗin haƙƙi duk lokacin da aka nuna fim ɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga shi masu tsara kiɗa a can ba su da ƙungiyar ƙwadago irin ta marubuta da 'yan wasa da za ta ƙwato musu haƙƙi. Saboda haka riƙon kirki shi ne wanda ya haɗa koyarwa da sa suna da biyan lada.

Jama'armu mazauna Kudu, musamman na Ikko, wannan magana ta shafe mu, domin muna zaune ne a bakin kasuwar fim mafi girma a ƙasar nan, kuma akwai 'ya'yanmu da ke kwana a situdiyo suna haɗa kiɗa da kwamfuta. Su ma ba za su shiga ba sai an tsaya musu. Wanda Allah ya ɗaukaka a cikinmu ya jawo na baya, ya kai shi gaban darakta da kansa. Yaron kuma ya yi haƙurin koyo, amma kada ya miƙa aikinsa sai da yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi sunansa da rabonsa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan, sai dai doka ba ta taimakon wanda ba shi da takarda a hannu.