ZAUREN 'YAN MATA: Saurayina haɗa 'yan motoci yake yi, in fasa ne?

 

A cikin wasiƙun wannan wata akwai ta wata ƙanwata da ta nemi in sakaya sunanta. An kai kuɗin gaisuwa, magana ta yi nisa, yaron kuma yana da aikinsa, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare. Damuwarta ɗaya ce: in ya taso daga aiki sai ya zauna ya tasa kwali a gaba yana haɗa 'yan ƙananan motocin tsere na roba, yana yi musu fenti, ya jera su a kan kanta. Ƙawayenta sun sa ta a gaba da tsiya, wai za ta auri yaro mai wasan mota, har ta fara tunanin ko ta ce ta fasa.

To ƙanwata, kafin ki yanke hukunci zauna ki ji mene ne abin, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Su waɗannan motoci ba irin na ja da zare ba ne. Kwaikwayon mota ce ta gaskiya, an rage girmanta da lissafi. Za ki ga an rubuta 1:24 a jikin kwalin, ma'ana duk abin da ya kai santimita 24 a jikin babbar motar, a jikin ƙaramar santimita 1 ne. Ɗauki Ferrari F40 ta ƙasar Italiya wadda ta fito a 1987, motar ƙarshe da mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya sa wa albarka kafin rasuwarsa a 1988. Tsawonta ya haura mita 4 da kaɗan, amma in an rage ta sai ta dawo kamar santimita 18, wato kusan tsawon tafin hannunki haɗe da yatsu. Duk da haka komai nata yana nan: sitiyari, kujeru, inji, madubi, har da salansa.

Kuma manyan mutane ne ke ƙera su. Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan ya fara ne a 1946 da sana'ar katako, daga baya ya koma yin irin waɗannan kaya da roba. Da za su fitar da 'yar motar tseren Porsche a 1976, sai da suka sayi Porsche ta gaske sukutum, suka kwance ta gunduwa-gunduwa don su auna kowane ƙarfe. Kin ji aikin da ƙawayenki suke kira wasan yara.

Abin da zai ba ku mamaki, 'yan motocin Matchbox da suka fara fitowa a Ingila a 1953, sanadin 'ya mace aka same su. Labarin da aka sani shi ne, makarantar 'yar wani injiniya mai suna Jack Odell ta ce kada yaro ya zo da abin wasan da ba zai shiga kwalin ashana ba. Sai uban ya ƙera mata 'yar motar daɓen titi daidai kwalin, daga nan kasuwa ta buɗe.

Mu ma nan gida ai ba baƙon abu ba ne. Wace ce a cikinmu ba ta ga yayyenta maza suna feɗe karan dawa suna yin mota ba, ko su yanka gwangwanin madara su yi motar langa-langa, a yi taya da tsohon silifas? Sau nawa aka kore su daga zaure ana cewa sun cika gida da tarkace? Amma ku dubi Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato. Ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Ditiroyit ta Amurka ya koyi zanen mota, ya gama a 1994, ya kama aiki da kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar kula da ƙera motoci ta Nijeriya. A irin wannan aiki nasu, kafin a ƙera babbar mota sai an fara gina ƙarama da wani irin yumɓu an duba ta ta kowace fuska. Ashe raina kama ka ga gayya.

Yanzu bari in gaya muku yadda ake haɗa ta, don ku san abin da ake fama da shi. In an buɗe kwali, sassan suna manne ne a jikin wasu 'yan sanduna na roba, kowanne da lambarsa, sau da yawa sun haura ɗari. Ba a ɓalle su da hannu, yanke su ake yi, ko da abin yanke farce ne, sannan a goge bakin da samfefa mai laushi. Kafin a sa gam sai an gwada an ga sun zauna daidai. Gam ɗin kuwa ɗan kaɗan ake ɗiga shi da tsinken sakace, domin narkar da robar yake yi ya haɗe ta, in ya yi yawa ya ɓata jikin motar ke nan. Gilashi kuma ba a sa masa wannan gam don yana sa shi ya yi hazo, farin gam na kafintoci ake amfani da shi.

Wajen fenti ne ake gane mai haƙuri. Ba a lafta shi gaba ɗaya. Za a yi shafa ta fari siririya a bari ta bushe, a sake, a kuma sake, wani lokaci a yi kwanaki ana jira. A lokacin hunturu kuwa dole a kifa kwali ko kwano a kai, in ba haka ba ƙura ta manne, aikin mako guda ya tashi a banza. Lambobi da tambarin motar suna zuwa ne a wata takarda, a tsoma ta a ruwa na ɗan lokaci, a zame su da hantsaki a ɗora. Masu ƙwarewa har siririyar waya suke sa wa injin don ya yi kama da na gaske, su yi bel ɗin kujera da ƙyalle.

Ku faɗa mini, hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula da kitson shuku, wannan ne zai gagare shi? Ni dai ban ga inda aka rubuta cewa na maza ne kaɗai ba. Michèle Mouton 'yar Faransa ma motar tseren gaske ta tuƙa, ta ci gasar Sanremo a Italiya a 1981 cikin Audi Quattro, a 1982 kuma ta zo ta biyu a duniya, maza na bayanta suna shan ƙura.

Kwalayen nan daga waje ake kawo su, suna da tsada, don haka ban ce ɗaliba ta takura wa iyayenta ba. Ari tef ɗin awon tela, ki nemi izini ki auna motar Baba ko ta maƙwabta: tsawo, faɗi, tsayi da girman taya. Raba kowanne gida 24, ki zana a kwali, ki yanka ki haɗa. In kin gama, lissafin rabawa da na awo da yake ba ki wahala a aji zai zauna miki daram. Sai dai a kula: a yi fenti a inda iska ke shiga, nesa da risho ko murhu, a ɓoye ƙananan sassa kada ƙanne su haɗiye. Kada kuma ki kusanto da ruwan goge jan farce, cinye robar yake yi.

Saura batun aure. Ni a ganina wannan ba dalilin fasawa ba ne, amma ban ce ki rufe ido ba. Abu uku za ki duba. Na farko kuɗi: yana saye ne daga rarar da ta rage, ko kuwa bashi yake ci? Wanda zai taɓa kuɗin cefane don kwalin mota, gobe ma zai taɓa don wani abin. Na biyu lokaci: in kin yi magana yana ajiye buroshi ya saurare ki, ko sai kin yi ta maimaitawa? Na uku hali: ranar da ƙaninsa ya karya masa wadda ya yi wata guda yana haɗawa, me ya yi? Wannan ya fi komai, domin gidan aure ba ya rabuwa da yara masu ɓarna, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haƙuri da roba daban, haƙuri da mutum daban, sai kin ga na biyun da idonki.

In ya ci waɗannan uku, to ki riƙe abinki. Mata nawa ne suke kuka miji ba ya zaman gida, daga majalisa sai majalisa har sha biyun dare? Ke kin samu mai zama a gabanki, sai ki ja kujera ki ce ya koya miki, ke ki yi fentin kujeru shi ya yi inji. Tun yanzu kuma ku yi magana a fili: nawa za a riƙa kashewa a wata, wane lokaci ne naki, kuma ina za a ajiye su, don kada ranar jere a yi rigima tsakanin motocinsa da kwanukanki. Su kuwa ƙawaye, ki bar su da dariyarsu, ba su za su zauna miki a ɗakin ba.

Duk wadda ta gwada motar kwalin nan ta rubuto mini yadda ta kaya da ita. A fitowa ta gaba za mu taɓa batun anko da bashin da yake jefa 'yan mata a ciki. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Antin Zaure