Yaro Ba Dokin Sukuwa Ba Ne

Duk ƙarshen mako a lokacin hunturu, a duwatsun Ostiriya da Italiya da Faransa, da jihohin Colorado da Vermont na Amurka, ana tayar da yara 'yan shekara tara ko goma tun duku-duku, a sa musu hular kwano, a hau da su ƙololuwar tudu domin tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yaro zai tsaya a 'yar rumfar farawa, sanyi na kaɗa masa haƙora. Da ƙafarsa ta ture sandar da ke tayar da agogo, sai ya gangaro a guje yana kewaye turaku ja da shuɗi. Minti ɗaya, an gama. A ƙasa, bayan raga, ga uba a tsaye, idonsa na kan waya inda sakamako ke fitowa nan take. Kafin yaro ya cire tabarau, uban ya riga ya san wanda ya wuce ɗansa, da kashi nawa cikin ɗari na daƙiƙa. Yaron kuwa fuskar ubansa yake fara dubawa kafin allon sakamako.

Wannan duban shi ke ƙona mini rai. Yaron da ya ga fara'a ranar da ya zo na ɗaya, ya ga ɗaure fuska ranar da ya faɗi, ba sai an yi masa bayani ba: ya gane cewa ƙaunar gidansu agogo ke auna ta. Daga nan tsoro ya shiga. Zai daina gwada sabon salo don kada ya faɗi. Zai ɓoye ciwon gwiwa. Zai yi amai kafin tsere ya ce ba komai. Sai a shiga mota, tafiyar awa uku zuwa gida, uba na tuƙi yana bitar kowane turke da yaro ya kuskure, uwa ta yi shiru. Haba! Wane irin reno ne wannan?

Ga kuma gori. Wasan na masu hali ne. Makarantar Burke Mountain da ke Vermont, wadda aka kafa a 1970 don haɗa boko da horon tsere, kuɗin kwana da karatu a cikinta ya haura dala 50,000 a shekara, ban da kaya da tafiye-tafiye. Idan bazara ta zo arewacin duniya, wasu har Chile da New Zealand ake kai su neman ƙanƙara. Uban da ya zuba wannan dukiya da wuya bakinsa ya yi shiru. Ko bai furta ba, yaro ya san an ɗora masa bashin da bai ci ba. Ta yaya ɗan shekara goma sha uku zai dubi wanda ya jinginar da gida saboda shi ya ce ya gaji?

Na san amsar da za a ba ni: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Za a kawo labarin Janica Kostelić ta Kuroshiya, wadda ubanta Ante ya horar da ita da yayanta Ivica, suna kwana a mota da tanti saboda rashin kuɗin otal, ta kuma ci zinare 3 da azurfa 1 a gasar Olamfik ta Salt Lake City a 2002. Gaskiya ne. Sai dai masu ba da labarin ba sa ƙarasawa: an yi ta yi mata tiyata a gwiwa, ta ajiye wasan a 2007 tana da shekara 25. Za a kawo Lindsey Vonn, wadda aka kwashe iyali kaf daga Minnesota zuwa Vail saboda ita. Ita ma ta yi shekaru ba sa magana da mahaifinta. Waɗannan fa su ne suka ci riba! Ina dubban da aka bi da su ta wannan hanya, jijiyar gwiwa ta tsinke a shekara 16, suka dawo aji sun rasa darussan watanni, ba abokai sai abokan hamayya, ba su san kansu da wani suna ba sai "ɗan tsere"? Ba wanda ke zuwa hira da su.

Makarantun nan, irin Burke ko Stams ta Tirol da aka kafa a 1967, suna koyar da karatu, ɗalibansu da yawa suna shiga jami'a. Ban musa ba. Abin da nake ƙi shi ne a tsara rayuwar yaro kaf a kan abu guda, lissafi da tarihi su koma abin da ake cusawa a mota tsakanin wannan tudu da wancan, alhali masu cin abinci da wannan wasa a duniya 'yan ƙalilan ne.

Kada kuma a manta ana mutuwa. Matilde Lorenzi 'yar Italiya, mai shekara 19, ta rasu a Oktoban 2024 bayan faɗuwa wajen atisaye a Val Senales. Margot Simond 'yar Faransa, mai shekara 18, ta rasu a Afrilun 2025 a Val d'Isère. Ba na ɗora wa iyayensu laifi, tausayinsu nake ji. Amma wasan da ke da haɗari irin wannan, dole yaro ya sami bakin cewa "yau ina jin tsoro, ba zan sauka ba" ba tare da an hukunta shi da shiru a gida ba.

Wanda ya ce sai da matsi ake samun zakaru, ya dubi Norway. Tun 1987 hukumar wasanninsu ta kafa ƙa'idojin kare yara. Ba a jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe sai yaro ya shiga shekara 11. Ba gasar zakarun ƙasa sai shekara 13. Idan za a ba ƙananan yara kyauta, kowa zai samu. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba ta kwashe lambobi 39 a Pyeongchang a 2018, ta ci zinare 16 a Beijing a 2022, abin da ba wanda ya taɓa yi a gasar hunturu kafin nan. Sun bar yara su yi wasa, su zauna cikinsa don suna so, zakaru suka fito daga baya.

A waccan gasa ta Beijing ne duniya ta ga Mikaela Shiffrin, tsohuwar ɗalibar Burke, mai zinaren Olamfik biyu a lokacin, ta kuskure turke a farkon tseren silalom, na kewaye turaku, ta koma gefe ta zauna a ƙanƙara, kai a kan gwiwa, ta daɗe ba ta tashi ba. Mace mai shekara 26, wadda a 2023 ta zarce tarihin nasarori 86 na tsohon ɗan tsere Ingemar Stenmark. Idan nauyin zato ya durƙusar da wannan, ya za a yi da yarinya 'yar aji biyar?

Ba mu da ƙanƙara, amma muna da ranar karɓar sakamakon jarrabawa, da uban da tambayarsa ta farko ita ce "na nawa ka zo?", ta biyu kuma "wa ya zo na ɗaya?" Fuskar nan dai ce yaro yake dubawa. Don Allah, iyaye, idan ya shigo da takardar nan a hannu, ku sa a ba shi abinci, ku tambaye shi abin da ya ba shi wuya a zangon, ku saurara har ya gama magana.