Kiwi ba na garkar Gaffati ba ne

Kiwi tsiro ne mai yaɗo kamar inabi. Ɗansa ya kai girman ƙwan kaza, bayansa da gashi, cikinsa kore. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. A shekara ta 1904 aka kai irinsa Niyu Zilan, ya karɓi ƙasar.

Kamar dabino, kiwi yana da mace da namiji. In babu namiji kusa, macen ba ta yin 'ya'ya. Yana son sanyi da ruwa mai yawa. Yakan yi shekara 3 ko fiye kafin ya haihu.

A Gaffati kuwa, kusa da Damagaram, zafin bazara yakan wuce digiri 40, damina gajera ce, ruwa yana da wuya. Wanda ya dasa kiwi cikin garkarsa zai ɓarnatar da ruwan iyalinsa, kuma da wuya ya ga ɗa ko ɗaya.

Gara ya dasa lemu, gwaba, gwanda ko zogale. Gwanda tana yin 'ya'ya cikin shekara guda. Gwaba ma ta fi kiwi bitamin C. Manomin kirki yakan dubi ƙasarsa da ruwansa kafin ya zaɓi iri.