"A Ajiye Mana": Alkawarin Da Ke Karya Jarin Masu Abinci A Asawase

Duk fataken da ya taɓa sauka Kumasi cikin watan azumi ya san yadda gidajen abinci na Asawase da Aboabo ke cika idan magariba ta gabato. A lokacin ne masu tuwon zafi da wake da shinkafa da koko da ƙosai ke rige-rigen jawo masu saye, wata ta yi rangwame, wata ta ƙara gyara, wasu ma har sanarwa suke turawa ta WhatsApp.

To amma akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu dube ta da idon basira. Ɗan kasuwa zai taso daga Paga ko Bawku da yaransa, ya buga waya ya ce, "Hajiya, a ajiye mana na mutum goma." Hajiya ta ƙara sanwa, ta hana waɗanda ke tsaye da kuɗinsu a hannu, shi kuwa Alhaji ya sha ruwa a Kejetia, ko waya bai sake bugowa ba. Tuwon ya kwana, asara ta hau kanta.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100. Ko da yake ta sauka daga baya, shinkafa da mai da gawayi ba su koma tsohon farashinsu ba. Wadda ta yi rangwame kuwa ta riga ta rage ribarta, tana sa ran yawan ciniki ya cike gurbin. Saboda haka kwano goma da ba a zo ɗauka ba daga uwar kuɗi yake fita.

Maganin bai da wuya. Wanda ya ce a ajiye masa, ya tura kafin alƙalami ta MoMo. A da ana fakewa da harajin tura kuɗi ta waya da aka soma karɓa a watan Mayu na 2022, amma an soke shi a watan Afrilu na 2025, don haka wannan uzuri ya ƙare. Idan mota ta makara a hanyar Tamale, a sanar tun kafin la'asar.

Su ma masu abincin da nasu laifin. Bai dace a ɗauki kwanon da aka ajiye wa ɗan dako a miƙa wa mai babbar riga don ya zo da mota ba. Wanda ya samu benci kuma, ya ci ya tashi, ya bar hira sai an fito sallah, domin na bayansa shi ma da azumi ya wuni.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san zafin a ce ciniki ya faɗa sannan a gudu. Alkawari kaya ne, ko na kwanon tuwo ne. Allah Ya sa mu gyara.