Mai Kare, Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da kai nake, mai kare. Ban da mafaraucin da ke fita daji da karnukansa idan rani ya yi, shi nasa zancen daban ne. Da kai nake, da ka gina gida a wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona, tsaro ya taɓarɓare, ka sayo kare ɗan ƙasar waje da tsada, ka ɗaure shi da sarƙa a rana, ka bar wa yaron gida ya riƙa watsa masa ƙanzo. Yau ga shi ya rame, kaska ta cika masa wuya, ƙuda sun cinye bakin kunnuwansa, ƙafar baya tana ja. Sai yanzu ka ɗauki waya kana cigiyar kamfanin da ke yi wa dabbobi inshora, har da neman dabarar cike takarda ba tare da an ambaci ciwon ba. Wannan ha'inci ne, Alhaji, kuma ha'incin da ba zai ma fisshe ka ba.

Inshora kuɗin taro ce. Mutane da yawa ke zuba kaɗan-kaɗan domin abin da bai auku ba tukuna, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗebo a biya masa. A Suwidin aka fara yi wa kare ita a 1924, Ingila ta bi a 1947, Amurka kuwa sai 1982. Duk da tsufan sana'ar a can, ƙa'idarta ɗaya ba ta gushe ba: ciwon da kare ya zo da shi ba a biya. Kuma ba sa jiran rantsuwarka. Takardun likitan dabbobi suke nema su duba tarihin karen. Bayan ka sa hannu ma akwai kwanakin jira, galibi kamar mako biyu, duk cutar da ta bayyana a cikinsu a wuyanka take. Wasu kamfanonin sukan sassauta a kan ciwon da ke warkewa, irin su ciwon kunne ko gudawa, idan kare ya yi watanni, wani wurin har shekara biyu, bai sake nuna alama ba. Amma ciwon ƙugu, wanda ya yi wa manyan karnukan Jamus katutu, da ciwon suga, da na ƙoda, waɗannan akasari an rufe ƙofarsu. Akwai ma sharaɗin da ke cewa idan gwiwar hagu ta taɓa lalacewa kafin yarjejeniya, ta dama ma ba ruwansu da ita. Ranar da kuwa aka gano ka ɓoye wani abu, a soke takardar, abin da ka zuba ya bi ruwa.

In kuma inshorar takaful ka nufa don gudun riba, to nauyin ya fi. Asusun nan na 'yan'uwanka ne da suka zuba bisa taimakekeniya. Ka shigo da ƙarya ka kwashi rabonsu, da wane suna za ka kira wannan a gaban malamin da kake ɗaukar Risala a zaurensa?

To wai ma wane tarihi za ka nuna musu? Karen nan ko katin rigakafi ba shi da shi. Abin kunyar ke nan, domin a Zariya kake. Daga Ƙofar Doka ka bi Tudun Wada, ka wuce Kwangila, ka isa Samaru, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake horar da likitocin da ke duba dabbobin arewa tun shekarun 1960. Mutane na ɗauko dawakai da shanu daga nesa su kawo. Kai da ke maƙwabtaka da wurin, sai ka shafa wa kare baƙin mai a kan ƙazuwa, ka fesa masa fiya-fiya don kashe kaska, ka tura masa maganin ciwon jiki na mutane wanda ke iya ƙona masa ciki da ƙoda. Rabin ciwon da kake son wani ya biya, hannunka ne ya ƙara shi.

Ga abin da ya rage maka. Kai shi wurin likita, a duba shi, a rubuta maka sunan cutar da abin da maganinta zai ci a wata. Ware wannan kuɗin kamar yadda kake ware na man janareta. Idan har yanzu kana son inshora kuma ka sami mai yi, faɗi ciwon tun farko, ka sa a nuna maka a rubuce abin da aka cire. Ba lallai ta zama banza ba, tana iya ɗaukar karaya ko wata cutar da ba ta da alaƙa da tsohuwar. Sai ka lissafa ka gani ko ta cancanci kuɗinta.

Abin da ba ka da ikon yi shi ne wanda da yawanku ke yi a ƙarshe: a kwance sarƙa da dare, a kai kare bayan ganuwa a sake shi a bola. Ka san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ba sai na tuna maka ba. Kuma karen da ka yar ba shi kaɗai zai sha wuyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara ne suka fi shiga hatsarin. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Allurar da ke hana shi ana yi wa kare ita yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a nan Najeriya, a Vom ta Jihar Filato, ake haɗa ta. Karenka bai taɓa ganin ta ba. Almajirin da zai ratsa ta bolar nan da asuba, in aka cije shi, ba kai za ka bi shi asibitin Shika ba, ba kuma kai za ka biya kuɗin allurorinsa ba.