Ambaliyar Nijar: Darasin da ta bar mana game da lafiyar ƙananan yara

Idan ba a manta ba, a daminar 2024 ambaliyar ruwa ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Jamhuriyar Nijar, inda jihar Maraɗi ta kasance cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. An ƙirga gidaje da gonaki da dabbobin da aka rasa, to amma akwai asarar da ba ta cika shiga lissafi ba, wato yaran da ke rasuwa bayan ruwa ya janye.

Dalili kuwa shi ne, ambaliya na gurɓata rijiyoyi, sauro ya yawaita, iyalai su cunkushe a azuzuwan makarantu, hanyar asibiti kuma ta yanke. Daga nan sai gudawa da zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu su far wa 'yan ƙasa da shekara 5. Dukkansu suna da magani. Jinkiri ne ke kisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamomin da ba a kwana da su: yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, ko jijjiga, ko ya langaɓe har a kasa tashinsa. Haka nan numfashin da ya kai 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirji na lotsawa idan ya ja numfashi. Kumburin ƙafafu biyu kuwa alamar tamowa ce mai tsanani.

Inda muke kuskure shi ne mu ce iska ce ta taɓa yaro, ko mu fara da mai tallar magani a bakin tasha. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Mai gudawa a dama masa fakitin ruwan gishiri da sukari cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba shi ana tafiya, kada a daina shayarwa.

A nan 'yan kasuwa ke da rawar takawa. Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Ƙonni, motoci da babura a hannunmu suke, mu muka san hanyar da ruwa bai cinye ba. Rufe iyakar da aka yi a 2023 ya nuna mana cewa hanya na iya toshewa dare ɗaya. Don haka muna kira ga shugabannin kasuwa da na direbobi su ware asusun man fetur tun kafin damina, su kuma san asibiti mafi kusa ta kowane ɓangaren iyaka. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya raya mana zuriya, amin.