Wasiƙa a Buɗe Ga Masu Koyar da Harbi a Wurno, Rabah da Goronyo



Zuwa ga iyayenmu Sarakunan Baka, da shugabannin maharba da 'yan banga, da duk wanda aka ɗora wa koya wa matasanmu riƙon bindiga a gabashin Sakkwato. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku ta'aziyyar waɗanda kuka rasa a bakin daji. Allah Ya jiƙan su.

Magana ce a kan abin da kuke kafawa a gaban yaro ranar da kuke koya masa saiti: gwangwani ne, ko allo mai da'ira, ko kuwa mutum-mutumi. Wani zai ga abin bai kai a rubuta wasiƙa a kansa ba. Ni kuwa ina ganin tarbiyyar mai bindiga daga nan take farawa, domin abin da ido ya saba gani a ƙarshen bakin bindiga, shi yatsa zai nema ranar da hankali ya tashi.

Babu mai musun cewa muna bukatar masu iya harbi. Mutanen Tabanni a gundumar Gandi ba su manta da watan Yulin 2018 ba, lokacin da aka kashe gomman mutane, sauran suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Goronyo ba ta manta da ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021 ba, ranar kasuwa, inda gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Ita kanta Wurno, ribaɗi ce tun asali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinta yana tsaron iyaka har rasuwarsa a 1837. Kare kai gado ne a wannan ƙasa, addini ma ya kwaɗaitar da koyon harbi.

Sai dai addinin da ya kwaɗaitar shi ne ya sa iyaka. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai wurin gwada harbi. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, da suka hango shi suka watse, ya kuma tsawatar a kan abin da suka aikata. Haka nan an hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne. Idan shari'a ta tsaya wa tsuntsu a filin gwaji, ta kuma hana ko da nuni, to siffar ɗan Adam ba abin da za a kafa a riƙa yi wa ruwan harsashi ana shewa ba ce. Ku tuntuɓi malamanku a kan hukuncin sassaƙa sura, za ku ji yadda suke bambanta abin da aka yi wa fuska da kamanni da wanda ba shi da su.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta karkasa bindigogi, ta fayyace wanda ke da ikon ba da lasisin kowane iri, tun daga shugaban ƙasa zuwa hukumar 'yan sanda. Saboda haka tambaya ta farko kafin a kafa komai a fili ita ce: wa ya ba da izinin wannan horo, kuma wane jami'i ne ke tsaye a kansa? Yanzu da Jihar Sakkwato ta kafa rundunar tsaron al'umma da doka, a zamanin Gwamna Ahmed Aliyu, babu uzurin a riƙa tara samari a bayan gari ana koya musu harbi ba da sanin hukuma ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu tattauna wannan batu. A Jamus doka ta haramta wa masu wasan harbi amfani da allon da ke nuna mutum ko yake alamta shi. Jihar Massachusetts ta Amurka ta hana kulob-kulob masu lasisi yin haka, ta keɓe jami'an tsaro da ke bakin horo. A gasar harbin ƙaramar bindiga cikin sauri, wadda ake yi a wasannin Olamfik, an daɗe ana harbin allo mai siffar mutum, sai a 1989 aka sauya shi da da'ira. Sojoji kuwa sun bi akasin haka: bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙara karkata ga allo mai siffar mutum, saboda sun lura yana rage wa soja jinkirin danna kunama. Wannan dalili nasu shi ne abin da ya kamata ya sa ku yi hattara. Soja yana da kwamanda da kotun soja a bayansa. Yaron da kuka horar zai koma unguwa da bindigarsa, ya ci kasuwa ɗaya da mutanen da yake zargi.

Ga abin da nake roƙonku. Maharbi mai farauta da yaro mai koyon saiti, ku bar su da gwangwani da allo mai da'ira. Sun ishe su koyon daidaita numfashi da auna nisa. Masu tsaron gari da ke horo a ƙarƙashin jami'ai, idan bukata ta kai ga siffar mutum, a yanka kwali ko falanki marar fuska, marar tufafi, marar suna. Kada a ɗora masa malfa, kada a rataya masa sanda ko gora, kada a naɗa masa rawani, kada a manna hoton kowa, ko da na ɗan bindigar da ya fi kowa ta'asa ne. Duk wanda ya yi wata guda yana harbin malfa, ranar da ya hango malfa a gona da asuba ba zai tsaya tambaya ba.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A farkon 2015 an gano 'yan sandan North Miami Beach a Amurka suna gwada harbi a kan hotunan baƙaƙen fata na gaske. Wata mace soja da ta je filin ta ga hoton ɗan'uwanta da hudar harsashi. Mu ma a gida mun ga inda harbi bisa kamanni yake kai mutane. A farkon Oktoban 2021 rahotanni sun ce 'yan sakai sun kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, kwanaki kaɗan kafin abin da ya afka wa Goronyo. Jinin wanda bai ji ba bai gani ba, ɗaukar fansa yake jawowa, kuma talakan ƙauye ne yake biya.

Sannan ku koyar da ƙin harbi kamar yadda kuke koyar da harbi. Cikin allunan da za ku jera, ku sa waɗanda aka yi wa alamar kada a taɓa, a matsayin manomi da fartanya, ko mai tallar nono, ko yaro mai kiwo. Wanda ya harbi ɗaya daga cikinsu ya faɗi jarrabawa, ko da ya sami sauran duka. Ku koya musu kallon hannu, su ga abin da mutum yake riƙe da shi, su daina yanke hukunci da fuska ko harshe. Ku duba abin da ke bayan allo kafin a harba. A sami tudun ƙasa da zai tare harsashi, nesa da burtali da hanyar fadama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunku yake ɗanye.

Iyayen yaran nan sun damƙa muku su ne domin su tsare rayuka. Duk harsashin da ɗalibinku ya harba bisa kuskure, akwai rabonku a cikin tambayar da za a yi gobe kiyama, kamar yadda kuke da lada a duk ran da ya kuɓuta ta dalilinsa. Allah Ya ba ku ikon sauke wannan amana, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.

Wassalam.

Naku,
Ɗanku mai kishin gabashin Sakkwato.